Buhunan Wake da Ƙaramar Sintesaiza

Na dawo Batsari a shekarar da yanar ido ta fara rufe ma Malam gani. Malam shi ne mahaifina, amma ko mu 'ya'yanshi haka muke kiranshi, don tun kafin a haife mu zauren gidanmu makaranta ne. Da safe allo, da yamma Islamiyya a ɗakuna biyu da mutanen unguwa suka gina a jikin masallaci. Yayana noma ya bi, bai taɓa son zaman tabarma ba. Sauran duk mata ne, kowace tana gidanta. Da aka ce Malam ya daina ganin wasali a kan allo, ba a tsaya wata shawara ba. Inna ta kira ni a waya ta ce, "Ka tattara abin da kake yi ka taho." Na taho da jaka ɗaya, ina ganin zaman 'yan watanni ne.

Karatun malanta nake yi a Katsina, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba, in an tashi daga aji nakan wuce wani ɗan situdiyo a bayan kasuwa, inda wani abokina ke haɗa ma mawaƙan biki kiɗa. A nan na koyi fiyano. Mai situdiyon dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma yana da wata tsohuwar na'ura a lungu, lulluɓe da zane. Wata rana da ba aiki ya yaye zanen ya kunna ta. Maɓallanta irin na fiyano ne, amma samanta cike yake da abubuwan murɗawa irin na tsohuwar rediyo, waɗanda muke ce ma kunnuwa. Ya danna maɓalli ɗaya ya riƙe, ya kama kunne ɗaya yana murɗawa a hankali. Sautin ya fara kamar ƙudan zuma a cikin tulu, ya yi ta buɗewa, har ya koma kamar iskar da ke zuwa gaban hadari. Yatsanshi bai motsa daga maɓallin ba. Ni kuwa ina tsaye da kofin shayi har ya huce.

Ya ce mani sunanta sintesaiza. Fiyanon da muke aiki da shi an riga an zuba mashi muryoyi, kai dai ka zaɓa. Ita wannan kai ne za ka gina muryar tun daga tushe. Ya ce na asalin, masu cike da wayoyi, kuɗinsu ya kai na mota, kuma zafinmu yana sa su kauce daga sauti. Wadda talaka zai iya nema ita ce mai kwaikwayonsu, wadda cikinta 'yar kwamfuta ce amma tana fitar da irin wannan muryar. Masu sayarwa suna ce mata bacuwal analog. Na riƙe sunan nan a kaina kamar yadda yaro ke riƙe sunan garin da aka ce za a kai shi.

Garin da na tarar ba shi na bari ba. An bar gonakin nesa saboda 'yan bindiga. Mutanen ƙauyukan wajen Wagini sun cika unguwarmu, wasu a ɗakunan 'yan uwa, wasu a kangaye. A gidanmu akwai Gwaggo, ƙanwar Malam, da 'yarta da mijin 'yar da jikoki. Ɗakina na samartaka su aka ba, ni na koma ɗan shagon da ke jikin zaure, inda ake jingine alluna. Hanyar Katsina ana bi, amma da hantsi, motoci a jere, kowane direba yana tsayar da wanda ya fito daga can yana tambayar yadda ya baro ta. Inna ta zaunar da ni tun satin farko.

"In dai ina numfashi," ta ce, "ba za ka hau hanyar nan ba sai don ciwo ko gaisuwar mutuwa. Ka ji ni?"

"Na ji, Inna."

"Ba ji nake so ba. Ka ce ka yarda."

Na ce na yarda. A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba, don ina ganin abin zai lafa kafin kaka.

Bai lafa ba. Kaka ta zo ta same ni a zaure ina wanke ma yara kuskure a allo. Amma ta zo mani da wani abu. Akwai 'yar gona a bakin gari wadda Malam ya ce mu noma ni da Yaya mu raba, kuma waken shekarar ya yi kyau. Rabona ya kai 'yan buhuna. Na sa masu magani, na jera su a ɗakin Inna bayan gadonta. Kowa ya ɗauka kuɗin aure nake tarawa, ni kuma ban gyara ma kowa zato ba. Niyyata in riƙe su har bazara, farashi ya tashi, in sayar in sayi na'urar.

Na fara gaya ma abokina na Katsina. Ta waya ya ce mani, "Kai dai ba ka canza ba. Wa zai biya ka don ka yi mashi kukan iska? Ka sayi fiyano irin namu mai ganga a ciki. Ka danna ɗaya kiɗa ya tashi, mata su yi rawa, ka ci abinci."

"A ina za su yi rawar? Nan ko lasifika an daina ɗaurawa a biki."

"To ka sa manhaja a kwamfutarka, ka huta. Sautin ɗaya ne."

Gaskiya ya faɗa, sautin kusan ɗaya ne. Amma batirin kwamfutata ya mutu tun ina makaranta, sai an jona ta da wuta take tashi, wutar gari kuwa baƙuwa ce a wurinmu, ta leƙo ta koma kafin ka gama sallama da ita. Kuma ba na son jan kibiya a kan gilashin kwamfuta. Kunne nake so in kama da yatsu biyu in murɗa. Ban iya yi mashi bayanin wannan ba. Duk da haka ya turo mani lambar wani mutum a Kano mai sayar da kayan kiɗa na hannu, ya ce mutumin kirki ne, kuma ya ce in na samu na'urar in yi sauri, akwai kujerar aiki a situdiyo da ba za ta daɗe babu kowa ba.

Layin waya, tun da aka taɓa yanke shi aka maido, bai dawo da ƙarfinshi ba. A cikin gida sai dai kira. In hoto kake so ko saƙon murya, sai ka je wani faifan dutse a bakin gari inda samari ke tsayawa kowa ya ɗaga waya sama. Tsakanin tashin makarantar safe da azahar nake zuwa. A kan dutsen nan na yi cinikin da ya fi kowane ciniki daɗewa a rayuwata.

Mai shagon kayan kiɗan na Kano mutum ne mai haƙuri da son zance. Ya turo mani hotunan guda uku da ya ce za su iya shiga aljihuna in na miƙe ƙafa. Babbar tana da maɓallai cikakku, tana ɗaukar yatsu goma a lokaci ɗaya, amma sai da wutar bango, kuma tsawonta ya kusa faɗin shagon da nake kwana. Ita tun ranar farko na san kallo kawai nake yi mata, kodayake na yi sati ina kallon. Ƙaramar kuwa kamar abin wasan yara, maɓallanta sirara, kunnuwanta 'yan kaɗan, sauran komai sai ka bi ta wani ɗan gilashi kamar na tsohuwar waya. Abin da ke gare ta, da batir take aiki. Ta tsakiyar ita ta kama ni. Komai nata yana da kunnenshi a fili, babu abin da aka ɓoye. Sauti huɗu kawai take iya fitarwa tare, in ka danna na biyar na farko ya ɗauke, amma ban damu ba. Ana iya tashinta da batirin sola irin wanda ke masallacinmu. Gefenta katako ne, ya ɗan ci duniya.

Matsalar ita ce ji. Na'urar sauti ce, ni kuma ban isa in ji ta ba sai ta saƙon murya. Mai shagon yakan ɗora wayarshi a bakin lasifika ya danna mani, bayanshi janareto na ruri, masu adaidaita na hon, wani na tambayar kuɗin waya. Saƙon ya yi ta juyawa a kan dutse kafin ya sauka, in ya sauka kuma duk ukun muryarsu ɗaya, kamar ana busa cikin gwangwani. Nakan koma ɗan shagona in sa abin kunne in saurara har in fara jin bambancin da ban tabbata akwai shi ba. Kashegari in koma in ce ya sake danna mani na ƙasa-ƙasa, ya riƙe ya daɗe, ya murɗa kunnen nan na uku daga hagu.

Wata rana ya gaji ya kira ni kai tsaye. "Malam, ka zo ka taɓa da hannunka mana. Kano ce fa, ba Makka ba."

"Alhaji, daga inda nake Makka ta fi sauƙi. Ita Inna za ta bar ni."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya tambaye ni daga wane gari nake kira. Da na gaya mashi sai ya ce, "Allah ya kawo maku sauƙi," kuma daga ranar bai ƙara ce mani in zo ba. Ya riƙa fita bayan shago inda ba hayaniya yana ɗaukar mani sautin a can.

A cikin saƙonnin nan akwai wanda ya murɗa ta tsakiyar ta yi wata siririyar murya mai ɗan huci a bakinta. Ina jin ta na tuna damina a garin su Inna, wajen Babban Duhu, inda ake kai mu hutu muna yara. Akwai wani makiyayi da ke sauka bayan gonar kakana kowace shekara, yana kawo mana nono muna ba shi dawa, da yamma ya zauna kan tudu yana busa sarewa shanunshi na kewaye da shi. Ban san inda yake ba yanzu, ban san ko yana raye ba, kuma a yadda zamani ya koma ba tambayar da ake yi da ƙarfi ba ce. Na aika ma mai shagon cewa ta tsakiyar nake so, ya ajiye mani.

Saura Malam. Ina ta juya yadda zan fara, sai shi ya riga ni. Tun da idonshi ya yi rauni kunnenshi ya ƙara kaifi. Muna zaune bayan yara sun tashi, ina tattara tawada, ya ce, "Wannan kukan da nake ji a wayarka kullum, na wane tsuntsu ne?"

Na durƙusa na gaya mashi komai, tun daga situdiyon Katsina har buhunan da ke bayan gadon Inna. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ba zan ce maka haram ba, ba zan ce maka halal ba," ya ce. "Waɗanda suka fi ni sun yi saɓani a kai, ka karanta na karanta. Wakenka ne, guminka ne. Abin da na sani, gidan nan karatu aka saba ji daga cikinshi. Iyayen yaran nan da shi suka san mu. Kada wani ya wuce ta ƙofar nan ya ji wani abu daban."

"Ba za a ji ba, Malam."

"To shi ke nan. Miƙo mani butar nan."

Na fito ina jin kamar an ba ni izini, sai daga baya na lura da ƙanƙantar ɗakin da aka ba ni izinin a cikinshi.

Daga nan sai jira. Wake ya fara tashi kamar yadda na yi fata. Amma duk ranar kasuwar da na ji ya ƙara, in na hau dutse sai in tarar mai shagon ya turo saƙo yana ba ni haƙuri, dala ta motsa, shi ma ba yadda zai yi. Ina matsawa tana matsawa. Yaya ya ce in sayar kafin ƙwari su shiga, don maganin ba ya wuce wasu watanni. Inna ta fara ƙorafin cewa ɗakinta na warin magani. Kullum in na shiga gaishe ta sai na soka hannu a bakin buhu na damƙo, ina duba ko an fara huda.

Ana cikin haka aka ɗauke mijin 'yar Gwaggo. Ya koma ƙauye ne da rana don ya kwaso sauran dawar da suka bari a rumbu, shi da jakin aro. Jakin ya dawo shi kaɗai. Bayan kwanaki aka kira wayar matarshi aka faɗi abin da ake so. Ba zan faɗi yadda gidan ya kasance ba, duk wanda ke yankinmu ya san irin wannan shirun. Gwaggo ta sayar da awakinta, matar ta sayar da keken ɗinkinta, dangi na Safana suka aiko da nasu. Bai kai ba.

Yaya ya same ni a ɗakin Inna da hantsi. Shi ya riga ya sayar da nashi rabon tun tuni ya sa a taki, ba shi da abin bayarwa sai babur ɗinshi, kuma shi ma ya sa shi a kasuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon buhunan, ni ina kallon ƙasa. Inna tana ninke kaya kamar ba ta ɗakin.

"Nawa za a ɗauka?" na ce.

"Yadda ka ga za ka iya."

Muka fitar da fiye da rabi. Ni na kama mashi muka ɗora a kura. Ba wanda ya tilasta ni, kuma da za a sake yau haka zan yi. Amma ranar ban iya cin tuwon rana ba, kuma na daɗe ban hau dutse ba, don ban san abin da zan ce ma mai shagon ba. Mijin 'yar Gwaggo ya dawo bayan wasu makonni, ƙafafunshi a kumbure, ba ya son a rufe ƙofa in yana ɗaki. Har yau bai ba kowa labarin can ba.

Da na koma dutse na tarar da saƙonni sun taru. Ta tsakiyar, wani mai kiɗan coci ya zo da kuɗi a hannu, mai shagon ya riƙe mani ita iya riƙewa, daga baya ya sake ta. Na saurari saƙon sau ɗaya na goge. Na sayar da sauran waken a kasuwar da ta biyo, don na fara ganin ƙananan huji. Abin da ya zo hannuna ƙaramar kawai zai iya saye, ita ma sai da ya rage mani.

"Zan gaya maka gaskiyarta," ya ce. "Gilashin ya ɗan tsage a gefe, amma ana karantawa. Maɓallin ƙarshe na sama yana maƙalewa, sai ka ɗago shi da farce. Muryarta kuwa, wallahi cikinsu kusan ɗaya ne da waccan. Wahalar nema ce kawai. Ko ka ƙara jira? Kaya na zuwa."

Na yi tunanin jiran. Wata kaka, wani wake, in an samu shiga gonar. Kuɗi a hannu a gidan da ke cike da mutane ba ya kwana da yawa, wannan na riga na gani.

"A turo ta," na ce.

Wani direban a-kori-kura ɗan unguwarmu, mai ɗauko kayan masarufi daga Katsina, shi ya karɓo mani ita a tasha. Ya iso bayan azahar da kwali a ƙarƙashin kujerarshi, yana ta mita. An tsayar da shi a shingen hanya an buɗe kwalin, an ga kunnuwa da ɗan gilashi, aka ce na'urar magana ce yake kai ma mutanen daji.

"Na ce masu abin wasan yara ne," ya ce. "Ɗaya ya danna bai ji komai ba, ya ce ma ya lalace. Malam ƙarami, don Allah me ake yi da ita?"

"Kiɗa ake yi."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar zaurenmu, ya ce, "To, Allah ya sa albarka," ya ja motarshi.

Na shige shago na tura ƙofa. Na sa batir, na jona abin kunne. Farkon abin da na ji shi ne yatsuna sun yi mata girma. In na nufi maɓalli ɗaya sai in haɗa da maƙwabcinshi. Kunnen da nake nema, wanda ke buɗe murya, yana nan, amma sauran sai na danna nan, na juya can, na karanta gajerun haruffan Turanci ta cikin tsagar gilashi. Na zauna tsakanin alluna da ita a cinya, ina jin kamar na sayar da noman shekara na sayo rediyon da ba ta kama tasha. Aka kira la'asar, na tura ta ƙarƙashin katifa na fita.

Sai da na yi makonni kafin mu saba. Na koyi buga ta da kan yatsu. Na haddace inda kowane abu yake ɓoye, har na daina duba gilashin. Wata ranar Alhamis da ba makaranta, na danna maɓalli ɗaya na ƙasa na riƙe, na murɗa a hankali, sai ga shi ya zo, ya cika mani kai daga kunne zuwa kunne, mai kauri, yana numfashi. Na cire abin kunnen don in ga ko duniya ta ji. A tsakar gida ana daka, jikar Gwaggo na kuka, wani na sallama a zaure. Na mayar na ci gaba.

Haka muka zauna da ita. Ba wanda ya taɓa jin ta a gidan sai ni. Batir kuma ba ta jin tausayinshi, don haka na koyi yin tunanin sauti tun ina aji, in tsara shi a kaina, in na shigo in kunna in gina shi da sauri in kashe. Na ɗauki wasu a waya na tura ma abokina. Ya ce suna da daɗi, ya sa ɗaya a ƙarƙashin wata waƙa, mai waƙar ya ce a cire wannan gurnanin. Kujerar situdiyo kuwa an ba wani tun da daɗewa. Ya faɗa mani a tsakiyar wata magana, ni ma na yi kamar ban ji ba. Idon Malam bai dawo ba. An ce akwai aikin ido da ake yi a Katsina, shi ya ce ba zai sa a hau hanya saboda shi ba.

Bayan sallar layya aka sa bikin 'yar Kawu, ƙanen Inna, a Safana. Yarinyar ta gama karatun ungozoma, za ta auri wani malamin firamare da suka daɗe suna son juna. Inna ta yi ta kai da kawo, daga ƙarshe ta ce ita za ta je, ba za a ce 'yar ƙanenta ta tafi ɗaki ba ta gani ba, kuma ni zan raka ta. Ita ta kafa dokar, ita ta ɗage ta na yini ɗaya. Da za mu fita na naɗe na'urar a cikin darduma na rungumo. Ta kalli dardumar, ta wuce gaba.

Bikin na rana ne, ba lasifika, ba makaɗa. An ɗaura aure da hantsi, aka ce kowa ya ci abinci da wuri don baƙi su kama hanya da sauran rana. Ina zaune a soron Kawu sai matarshi ta leƙo ta ce, "An ce kana da abin kiɗa a dardumar nan. Mata sun yi jugum kamar gidan makoki. Ka shigo, kai ɗan gida ne."

Na ce mata, "Ba irin wanda kuke so ba ne. Ba shi da ganga."

"Kai dai shigo."

Aka samo 'yar lasifikar da ake jona ma waya, wadda ba ta fi kwanon sha ba. Na zauna a kan turmi a gefen tsakar gida na jona. Karon farko ke nan da muryarta ta fita cikin iska. Na fara da mai kaurin nan, mata suka dubi juna. Wata ta ce kamar injin niƙa daga nesa, aka yi dariya. Na rage mata kauri, na gajarta ta, na kama wani ɗan zagaye mai sauƙi da hannun hagu ina maimaitawa. Sai wata tsohuwa daga dangin ango ta jawo baho da ruwa, ta kife ƙwarya a ciki, ta karɓi ludayi biyu. Ta saurare ni kaɗan, ta gyaɗa kai, ta shigo daidai inda ya kamata. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. In na yi sauri ta ja ni baya, in na ɓata ta rufe mani. 'Yan mata suka fara tafi, wata ta ɗauko waƙar da ake yi ma amare a garin, ni ina bin ta a ƙasa. Amarya ta leƙo ta taga da lalle a hannu tana dariya. Maɓallin sama ya maƙale ya yi ta ƙara shi kaɗai, na ɗago shi da farce, ba wanda ya kula.

Ba mu daɗe ba direba ya fara hon a waje. Kawu ya shigo yana cewa mutanen Batsari su taso, rana ta karkata. Tsohuwar ta ajiye ludayi ta tsame ƙwaryarta. Na zare waya na naɗe dardumata. Aka yi sallama a tsaitsaye, kowa na cewa a kira in an isa.

A bayan motar muka zauna ni da wasu maza, Inna tana gaba. Har muka fita gari ana hira, ana maganar abincin biki da tsadar taki. Da muka kai inda gonaki suka ƙare, itatuwa suka matso bakin hanya, sai kowa ya yi shiru. Direba ya taka mota. Wani dattijo kusa da ni yana motsa baki, ni na riƙe dardumar a ƙirji da hannu biyu saboda ramuka. Ba mu haɗu da kowa ba sai wani mai jaki da ya kauce mana.

Mun shigo Batsari ana fitowa daga sallar la'asar. Na sauko da Inna, ta dafa kafaɗata tana gyara mayafi.

"Ashe abin naka yana magana," ta ce.

"Yana yi, Inna."

"Tsohuwar nan ta fi ka iyawa dai."

Ta shige gida. Yaran Islamiyya sun riga sun taru a ƙofar aji suna jira a buɗe masu, makullin kuma yana aljihuna.